Fadamar da Baba Ya Ba Husaina

Daga ƙaninka Sahabi a Nahuce, zuwa ga Yaya Garba a Kumasi. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, Allah ya sa albarka a fataucin goro. Mu nan lafiya lau, Inna ta warke daga ciwon ƙafa, gero kuma ya yi kyau.

Bayan haka, ka san Husaina, marainiyar da Baba ya riƙe tun tana goye. Mijinta ya rasu bara, ta dawo gida da 'ya'ya uku. Abin ya hana Baba sukuni, domin ya san ba ta da gādo a gidanmu. Sai ya ja ni har wurin alƙalin Bungudu, ya ce yana so fadamar rake ta zama tata. Alƙali ya ce kyauta ce, ta halatta, amma ba ta tabbata sai Husaina ta karɓa a gaban shaidu, shi kuma ya cire hannunsa ƙaƙaf. In mutuwa ta same shi yana nomanta, ta koma cikin gādo.

Yaya, nan aka yi ta! Mutumin da ya shekara hamsin a fadamar nan, wai ya daina shiga. Washegari da sassafe sai ga shi da fartanya, wai ya zo duba ruwa ne kawai. Sau uku Husaina tana korar shi, tana kuka tana dariya. Daga ƙarshe Inna ta ɓoye fartanyar a rumbu. Yanzu kan iyaka yake zama, yana ta yi wa 'yan ƙodago faɗa, ba mai kula shi.

Ranar da aka sari rake, ya kira liman da mai unguwa, ya tsaya a bakin gonar ya yi sallama, ya roƙi Husaina kara ɗaya. Ta ba shi, ya ce su shaida roƙa ya yi. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Saura kai. Baba ya ce ba don alƙali ba, don zumunci, yana so ya ji daga bakinka cewa ba za ka tayar da maganar bayan ransa ba. Duk ayarin da ya sauka Gusau, sai ya aike ni in tambayo ko da saƙonka.

Inna da Husaina suna gaishe ka, a gaida matarka Adama da yara. Ka amsa da wuri, Yaya, Baba ya tsufa.

Naka,
Sahabi