Makullin Kagoro a Robar Abu Hail

Deira, Dubai, Alhamis 7 ga Nuwamba, 2019

Zuwa ga abokina Injiniya Clement Gwamna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da mutanen Muhaisnah, da iyakwandishan ɗin Larabawa da kake yi wa magani. Ina gajiya, ya aiki?

Bayan haka, mako biyu ke nan ka toshe lambata. To, na san kowace Juma'a sai ka zo ka buɗe wannan robar da na ɓoye a bayan tashar bas ta Abu Hail, shi ya sa na ajiye maka takarda a ciki. Da Hausa na rubuta, duk Baturen da ya tsince ta sai dai ya ɗauka laya ce.

Kada ka manta, kai ka jefa ni cikin wasan nan na jiyokashin. Ina zaman zamana ina auna kwalayen kago, kayan da mutane ke turawa gida, ka zo ka ce wai a duk duniya akwai manya da gemunsu suna ɓoye 'yan akwatuna a gindin bishiya da bayan gini, su sa wurin a taswirar waya, wasu su bi su nemo, su sa hannu a ɗan littafin da ke ciki. Kwana uku ina yi maka dariya, na huɗu na bi ka. Kai ka nuna mini abin da muke kira matafiyi, ɗan abu mai ƙarfen lamba a wuya, wanda duk ya ɗauka zai rubuta a shafinsa na intanet, ya kai shi wani akwatin cikin mako biyu, a yi ta miƙa shi gaba. Rana ɗaya muka saki namu a cikin wannan robar. Ni 'yar jakar fata ta kasuwar Kurmi, na sa mata suna Ɗan Kurmi. Kai kuma makullin ɗakin marigayi babanka na Kagoro.

Yanzu makulli ya zaga duniya, wata Bajamushiya ta dawo da shi cikin robata, ka zo ba ka same shi ba, shi ke nan Ɗalhatu ya zama ɓarawo? Habibi, wurin nan hanya ce. Masu shara suna wucewa, leburori suna shan inuwa, hankaki ma yana son abu mai ƙyalli. Ni mai akwati ne, na duba ban gani ba, na danna masa alamar ya ɓata a shafi don kada mutane su riƙa wahalar zuwa. Taimakonka na yi. Godiya ya kamata, ba toshe lamba ba.

Yalla, buɗe wayar mu sha shayi. Ka gaida mutanen ɗakinku.

Naka har kullum,
Ɗalhatu Mai Kago

*

Muhaisnah, Juma'a 8 ga Nuwamba

Malam Ɗalhatu,

Na gode da gaisuwa. Ina lafiya cikin ikon Ubangiji, ina fata kai ma haka.

Zan rubuta abin da na gani kawai. Bajamushiyar ta saka makullin ranar Lahadi 20 ga Oktoba da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ta ɗauki hotonsa a cikin robar. Ƙarfe biyu da rabi na ranar ka danna masa alamar ɓata. Sa'a uku da rabi.

Ka san ƙa'ida, don ni na karanta maka ita. In matafiyi ya ɓace daga akwati, mai akwati yakan tambayi waɗanda suka zo ƙarshe, ko wani ya ɗauka bai samu damar rubutawa ba. Yakan gaya wa mai abin. Yakan jira wata guda, wasu ma biyu. Kai ba ka tambayi kowa ba, ba ka kira ni ba, alhali a ranar da yamma mun yi waya, ka ce mini tun safe kana Jebel Ali wajen kwantena.

Na duba littafin sa hannu. Daga sunanta sai nawa, babu kowa a tsakani. 'Yar motar wasa da kwabban Oman da ke cikin robar suna nan. Murfin a rufe yake dam, an mayar da duwatsu ukun yadda kai kaɗai kake jera su. Hankaki ba ya jera duwatsu.

Babana bai taɓa fita daga jihar Kaduna ba har ya rasu. Ka san don haka na saki makullinsa, kuma ka san na yi wa mahaifiyata Mama Tabitha alkawari zan dawo mata da shi a hannu. Ban kira ka ɓarawo ba. Kai ka rubuta kalmar.

Ka huta lafiya.

Clement

*

Deira, Alhamis 14 ga Nuwamba

Injiniya, mai duwatsu uku,

Sallama da gaisuwa. Na karanta takardarka sau biyu, na ce ashe Najeriya ta yi asarar ɗan sanda. Har da minti, har da kwabban Oman!

Tunda ƙa'ida kake so, zo mu yi ƙa'ida. Ina Ɗan Kurmi? Wata ashirin ke nan yana hannun wani ɗan Holan. Daga Abu Hail ya kai shi Sharjah ya ɗauki hoto, shi ke nan, khalas. Sharjah, Clement. Inda nake zuwa sayen taya. Jakar da dukawan Kurmi suka ɗinka da hannu ko Ajman da ke gaba kaɗan ba ta gani ba. Ka ce mini a rubuta wa mutum sau ɗaya cikin ladabi, a ce wataƙila rayuwa ce ta sha masa kai, a jira. Na jira. Na rubuta na biyu, na rubuta na goma sha ɗaya. Da na gaya masa gaskiyarsa a shafi inda kowa zai gani, wa ya zo ƙarƙashin maganata ya rubuta da Turancinsa mai guga cewa a yi wa abokina haƙuri, sabo ne a wasan? Ni ne sabo? Ni da nake tura kaya Kano da Yamai da Kumasi kowane mako, ko allura ba ta taɓa ɓata a hannuna ba, ni ake ba da haƙuri a kaina kamar yaron da ya yi fitsari a tabarma?

Shi kuwa makullinka, tsatsa ce da igiya. Amma ga shi a ƙanƙarar Norway, ga shi a hannun wata tsohuwa a Roma, ga shi a Urushalima ana yi masa addu'a. Ƙasa goma sha tara. Ranar taron masu wasa a bakin ruwan Khor, Turawa sun yi maka layi, kai ne mai makulli? kai ne mai makulli? Ni ina gefe riƙe da kofin shayinka. Wata ma ta miƙo mini wayarta in ɗauke ku hoto. Na ɗauka. Ka duba da kyau, babu kanka a ciki, kuma ba kuskure ba ne.

Wannan duk da sauƙi. Rabi, matata ta sunna, in na kira Kano, kafin ta tambayi ciwon bayana sai ta ce, yau ina makullin Injiniya ya kwana? Ta sa an buɗe mata taswirar a wayarta tana nuna wa maƙwabta. Ran nan na ce mata ai ni ma ina da nawa. Ta ce, au, wannan na Sharjah?

Ba na cewa na ɗauki komai. Cewa nake, in makulli ya ɗan huta, duniya ba za ta tashi ba. Ka ɗanɗana buɗe shafi kullum safe ka ga babu motsi. Ni shekara biyu saura nake ci.

Ka gaida Mama in kun yi waya, ita ba ta yi mini komai ba.

Abokinka ko kana so ko ba ka so,
Ɗalhatu

*

Muhaisnah, Juma'a 15 ga Nuwamba

Ɗalhatu,

Na karanta. Game da haƙurin da na bayar a shafi, na yi kuskure, ya kamata in zo maka kai tsaye. Ka yafe mini wannan. Sauran kuwa ban san yana cinka haka ba, da ka faɗa.

Ga abin da ban gaya maka ba. Kwantiragin kamfaninmu ya ƙare, ba su sabunta nawa ba. An soke bizata. Ranar Lahadi 24 ga wata zan tashi zuwa Abuja, daga can Kagoro, kuma ba na jin zan dawo. Ni na roƙi Bajamushiyar ta juyo da makullin Dubai da na ga za ta biyo ta nan. Robarka na ce ta saka shi, don a duk garin nan ita ce wadda na amince da mai ita.

Juma'a mai zuwa, in ka fito masallaci, zan zauna a shagon shayin nan na kusa da tashar kwalekwalen abra inda muka saba. Ka kawo shi ka sa mini a hannu. Ba zan tambaye ka inda ya kwana ba, ba kuma wanda zai ji, ko Rabi ko Mama. A hannu, Ɗalhatu.

Ubangiji ya kiyaye ka.

Clement

*

Deira, Talata 19 ga Nuwamba

Injiniya,

Gaisuwa da albishir. Ka ga amfanin sanin mutane? Na baza kunne cikin masu sharar unguwa, sai ga wani bawan Allah ɗan Bangaladash ya ce ya tsinci wani makulli a gindin bishiya. Kada ka tambaye ni sunansa, mutum ne mai kunya. Na wanke shi, na shafa masa mai, ga shi nan na naɗe shi a leda na kwantar da shi kan wannan takardar. Inda ya ɓata nan ya dawo, magana ta ƙare, babu wanda ya ɗauka balle wani ya mayar.

Juma'a ina da kwantena, wataƙila ba zan samu zuwa shagon ba. Maganar tafiyarka kuwa ba ta yi mini daɗi ba, amma wannan sai mun haɗu.

Naka mai gaskiya,
Ɗalhatu

*

Deira, Alhamis 21 ga Nuwamba

Clement,

Babu doguwar gaisuwa yau.

Na san ka gani a shafi. Jiya da hantsi wani ɗan Kanada da jirginsa ya yada zango na sa'a tara ya hau jirgin ƙasa na metro ya zo ya buɗe robar. Ya ga makulli, ya duba lambar, ya ga an ce ya ɓata. Ya rubuta da murnarsa cewa ya ceto shahararren matafiyi, zai wuce da shi Toronto ya sake shi. Har da hoto yana dariya. Bai yi laifi ba, abin da ƙa'ida ta ce ke nan, wanda ya tsinci ɓatacce ya farfaɗo da shi ya miƙa shi gaba. Takardata ya bar ta a nan, ba ya jin Hausa.

Na rufe shago na tari tasi zuwa filin jirgi. Na tsaya a ƙofar masu tashi ina leƙa fuskar kowane Bature mai jakar goyo har ɗan sanda ya fara kallona. Na rubuta masa, bai buɗe ba. Yanzu yana can.

Babu wani ɗan Bangaladash. Ni na ɗauka. Saƙo ya shigo wayata cewa an saka shi a robata, na bar kwastoma a tsaye na zo cikin rana tsaka. Da farko cewa na yi in riƙe shi in ji me yake da shi da nawa ba shi da shi. Ba shi da komai, makulli ne. Na sa a aljihu. Wata guda yana cikin aljihun teburina ƙarƙashin salatif, kullum in buɗe in kalle shi in rufe.

Ka ce a hannu. Na karanta, na gane, na kuma san kwana uku abu ba ya zama a robar da ke kusa da filin jirgi, ni da nake da robar. Amma na kasa tunanin zama gabanka kana kallona ba ka tambaya ba. Da za ka zage ni da na zo.

Zan nemi wani ɗan kasuwa mai zuwa Kanada, zan yi duk abin da ake yi. Ka gaya wa Mama laifina ne, ka faɗi sunana.

Ɗalhatu

*

Juma'a 22 ga Nuwamba

Ɗalhatu,

Na sami takardunka biyu tare.

Kada ka sake rubuta wa ɗan Kanada, kada kuma ka tura masa kowa. Na rubuta masa sau ɗaya na gode masa, na canza inda ake so makullin ya nufa a shafi zuwa Kagoro. Zai iso ko ba zai iso ba. Mama na gaya mata baba ya ƙara wata ƙasa, ta yi dariya. Ban faɗi sunan kowa ba.

Yau na je shagon shayin. Na ga hoton tun Laraba, na san babu makulli. Na zauna daga ƙarfe ɗaya har huɗu, na sa an kawo kofi biyu.

Gobe Asabar ina ɗaki ina ɗaure kaya. Wannan ce takarda ta ƙarshe da zan ɗauka ko in ajiye a robar nan. In kana da magana, bas yana zuwa Muhaisnah.

Clement Gwamna