Minti Bakwai Na Baba

Litinin, 3 ga Maris

Darakta Ogasawara ya kira. Za a sake fitar da fim ɗinmu na jarumi mai sulƙe, wannan karon dogo, a maido abin da aka yanke. “Ke kika yanke, Shiori, ke za ki ɗinke.” Har da dariyarsa.

Akwai minti bakwai na Baba a ciki. Ban shirya ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Shekara talatin Baba yana shiga kayan robar jarumin nan, shi ke faɗa, shi ke faɗowa daga bene, kyakkyawan ɗan wasa kuma ya cire hular ya kwashe tafi. A fim ɗinsa na ƙarshe, wato wannan, bayan an gama yaƙi, jarumi ya zauna a matakala ya kasa kwance takalmi. Na ce yana ja wa fim baya, na cire. Da muka fito daga silima ya saya mini taliya, ya ce, “Aikinki ya yi kyau, fim ya yi gudu.” Ni kuwa, sarkin wayo, na ji daɗi.

Asabar, 8 ga Maris

Na kalli minti bakwan. Hannunsa rawa yake yi. Na duba rubutun fim sau uku, babu rawar hannu a ciki.

Lahadi, 9 ga Maris

Na je gida, na kunna turare a gaban hoton marigayi Baba. Mama na yanka kabeji, ko juyowa ba ta yi ba.

“Tun lokacin ciwon ya kama shi. Ya ce kar in gaya miki, kina da aiki.”

“Mama, shi ne kika yi shiru?”

“Ke da ido sana'arki ne, ba ki gani ba, sai ni?”

Na yi kuka a jirgin ƙasa har na koma garin Chofu.

Talata, 11 ga Maris

Ba zan sa ba. Mutane su ci gugguru suna kallon ubana yana mutuwa?

Juma'a, 21 ga Maris

Na sa, don in gwada kawai. Abin haushi, fim ɗin ya gyaru. Da can jarumin ƙarfe ne zalla, yanzu in ya faɗi sai gabanka ya faɗi. A ɗakin gwaji ko tari ba wanda ya yi.

Darakta ya ce, “Ya yi, amma rage daƙiƙa ashirin, zaman ya yi tsawo.”

Na ce to.

Ban rage ba.