Kada Ka Cike Marinar Tsohonmu

Ƙanena Mas'udu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya Inna da ciwon ƙafarta? Ya Wasila da yara? Ni lafiya lau. Gadin kantin tufafi a Landan ba ya kashe mai digiri, gwiwa kawai yake ci.

Ka ce hotona da wandon jins ya zama abin dariya a Bungudu, wai tsohon hedimasta ya koma yaro. Su yi ta yi. Da gumina na saya, da tsada kuwa. Ɗanye ne, ba a taɓa wanke shi ba, bakin ƙyallen da jan zare kamar saƙin gida. Turawa har layi suke yi a kansa, don shuninsa na zuba. Ran da na sa shi, hannuna ya yi shuɗi irin na marigayi tsohonmu, ni da na guji marinarsa don kada a ce mini ɗan marini.

Maganar ka cike rijiyoyin rininsa ka gina shago kuwa, ban yarda ba. Da rabona a ciki. Ka rufe su da kwano, ka jira ni.

Allah ya jiƙansa. Ka gaida Inna.

Yayanka,
Tajuddeen