Dinarin da Za Ku Sa Min a Baki

Ni Numeriyus Betiliyus, na rubuta wannan da hannuna a gidana da ke Rum. Hankalina garau yake, ƙafafuna ne kawai suka ƙi ni. Zuwa gare ku 'ya'yana: Awulus, Desimus, da autata Betiliya.

Na ɗaya. Gidan nan, da fuskokin kakanni na kakin zuma da ke zaure, na Awulus ne, shi ne babba. Gonar zaitun ta Desimus ce. Na raba ne kawai, ban sa ran wani zai zo ya karɓa ba. Awulus, kana rundunar Majalisar Dattawa. Desimus, kana bin mutumin nan da ya buga fuskarsa a kuɗi tun yana da rai, abin da kakanninmu ba su san shi ba. Sansaninku na kallon juna, kowa na wasa takobi.

Na biyu, kuma shi ne ke ci na. Ina da shekara ashirin da takwas aka ba mu maƙerar kuɗi, mu uku, na shekara guda. Al'ada ce kowa ya buga abin alfaharin gidansu a dinarin azurfa, don masu zaɓe su riƙa ganin sunan a tafin hannunsu. Ɗaya kakansa ya ci birni da yaƙi, ɗaya nasa ya jawo wa gari ruwa. Namu kakan kuwa alfadarai yake sayar wa sojoji. Kunya ta ishe ni, na sa a zana shi a kan gada, shi kaɗai da garkuwa, ya tare abokan gaba. Tsoho Filon, mai sassaƙa hatimin ƙarfen da ake buga kuɗin da shi, ya dube ni ya ce, "Ranka ya daɗe, wace gada ce wannan? Ko in ƙara alfadari ɗaya a gefe, don marigayi ya gane kansa?" Na daka masa tsawa. Aka buga, na kuma ci zaɓe.

Babu wata gada, 'ya'yana. Ni na ƙaga ta, a kanta kuma na rene ku, har kowannenku ya rataya dinarin a wuya. Watan jiya Awulus ya rubuto min, "Baba, yau ni ne kan gadar, ko ƙanena ba zai wuce ba." Desimus kuma ya aiko, "Baba, gaya wa Yaya jinin mai gada ba ya ja da baya." Ana cewa ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi biyu, ga su za su kashe juna.

Na uku. Ku ajiye makamai ku dawo gida. Jikokin mai alfadari ne ku, ba abin kunya in kun juya. Amma na san ku. Za ku ce tsufa ne ya ruɗa Baba. Maganar mai mutuwa guda ɗaya, ina za ta kai a gaban azurfar da ta bazu daga Sifaniya har Sham? Ni kaina ban sa ran za ku ji ba.

Na huɗu. Betiliya, kayan adon mahaifiyarki naki ne. Hatimin ƙarfen nan yana ƙasan akwatina, ki kai wa maƙeri ya farfasa shi a gabanki. Duk wanda ya dawo cikin yayyenki, ki buɗe masa ƙofa, kada ki tambaye shi komai. Matar wanda bai dawo ba da 'ya'yanta, ki ɗauko su, tukunya ɗaya za ku ci. Na ɗora miki kaya mai nauyi, ki yafe min.

Allolin gida su tsare ku, wutar murhunmu kada ta mutu. Abin da ya rage na zumunci ku riƙe shi, ko da mata da marayu ne.

Na ƙarshe. Idan za ku sa min kuɗi a baki kamar yadda ake wa kowane mamaci, ladan mai jirgin da ke ƙetarar da matattu zuwa lahira, kada ku sa na kowa. Ku sa dinarin nan mai gadar. Daga bakin nan ƙaryar ta fito, can za ta koma.