Kabad ɗin Inna zai shiga

Baban yara,

Na wuce aiki kana barci, shayinka na cikin fulas. Kabad ɗin marigayiya Inna fa ba inda za shi. Ɗazu na samo kalkuleta a waya, mai tara ƙafa da inci. Ashe taka inci goma take ɗauka ƙafa guda, ba sha biyu ba, shi ya sa ka dage wai ba zai shiga sabon ɗakin ba. Na haɗa awon gado da na kabad, ƙafa sha ɗaya da inci uku. Bangon da za a jera su kuwa ƙafa sha ɗaya da inci huɗu ne.

Ka kira wanda zai sayi kabad ɗin ka ce an fasa. Incin da ya rage na bar maka, ka ajiye gardamarka a wurin.