Bhova Ya Sauya Sheƙa

Zangon bakin kogi, Ukhahlamba
Litinin

Zuwa ga matata MaZwane,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, gwiwar da aka yi wa aiki kuma ta fara yarda ki taka. Ni lafiya ƙalau, sai abin da ba a rasa ba.

Cikin alhini nake sanar da ke cewa da ƙarfe bakwai na safiyar Asabar, Bhova, karen da na rena shekara goma sha ɗaya, ya sauya sheƙa. Ya bar tantinmu na fili na bakwai ya koma fili na tara. Shekara talatin ina koyar da tarihi, na san yadda sarki ke wayar gari ya tarar fadawa sun watse, amma ban taɓa jin wanda aka yi wa juyin mulki da guntun hanta ba.

Kin san mai fili na tara. Ntate Mofokeng ne, tsohon makiyayin tumakin nan da matarsa ta rasu, wanda duk shekara kike yabon wutar gashin namansa a gabana, kamar ni da ruwa nake hura tawa. Kullum da safe sai ya yi fito sau ɗaya, Bhova ya tsallake ƙafata ya tafi. Ni kuwa sai na kira shi sau biyar kafin ya ɗaga kunne, shi ma don ladabi.

Jiya na je na tsaya a kansu. Ntate ya ɗago ya ce, “Malam, zauna mana. Yau wane sarki aka kashe a littafin naka?” Na ce har yanzu ana kan binciken maciya amana. Ya yi dariya har da tari, karena na kwance a kan takalminsa.

Af, kwalbar maganin zuciyar Bhova da za ki gani a kan firiji, ba mantuwa na yi ba. Na faɗa miki, na faɗa wa likitan: tsufa ba ciwo ba ne, iskar dutse ta fi ƙwaya. Ga shi yana ta tsalle kamar ɗan kwikwiyo, sai dai ba a gabana yake yi ba.

Mai motar burodi zai kawo miki wannan. Ki huta lafiya.

Mijinki,
Mandlenkosi Hlongwane

*

Alhamis

MaZwane,

Ina gaisuwa, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Da alama dai bakinki da kunnenki lafiyarsu lau.

Shekaranjiya Ntate ya gayyace ni gashin nama. Nama na tsaka da ƙamshi wayarsa ta yi ƙara, sai ya miƙo mini awartakinsa ya nufi dutsen bakin ƙofa, inda ake samun sabis. Ke ma kin sani, a zangon nan namiji zai ba ka aron mota kafin ya ba ka awartakin gashinsa. Na ce lallai kiran nan babba ne. Na bar naman ya ƙone, na bi shi, wai neman itace.

Ga abin da na ji, kalma da kalma: “Kada ki damu, Mama MaZwane. Kullum da safe, kamar yadda muka yi. A'a, bai sani ba. Wannan ai ko tantin aka ɗauke daga kansa sai ya gama shafin da yake karantawa.”

Shekara ashirin da shida da aurenmu. Ni kin ce in riƙa rubuto wasiƙa tunda na ƙi waya, ashe akwai mai waya. Ba zargi nake yi ba, ni mutum ne mai son hujja. Na dai zauna na tuna bargon da kika saƙa masa bara, mai launin da kika ce bai dace da ni ba. Na kuma dubi kaina a madubin mota, ban ga abin da mai tumaki ya fi ni ba, in ban da gashin kai da haƙuri da iya kafa tanti.

Na ɗauki mataki. Kin tuna allon nan na ofishin zango, mai cewa kowane kare ya kasance a ɗaure, wanda na yi shekaru ina kira dokar matsorata? Yanzu babu mai bin ta kamata. Bhova na ɗaure a gindin bishiyarmu tun jiya.

Ntate ya zo da guntun hanta a faranti, na ce karena ba ya cin abincin wani fili. Ya ce, “Malam, akwai maganar da ya kamata mu yi, ni da kai.” Na ce ya je dutsen bakin ƙofa ya yi ta, can ya fi samun mai saurare. Yau ma ya dawo, na buɗe littafi na kare fuskata har ya tafi.

Jibi zan kai Bhova magangarar ruwa, mu biyu kawai, kamar dā.

Wanda har yanzu mijinki ne,
M. Hlongwane

*

Bergville
Lahadi

MaZwane tawa,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan kin tashi lafiya. Kafin komai: yana da rai.

Jiya mun kama hanya da hantsi. Tun a hawa na farko yake tari, na ce ƙura ce. A mashigin kogi na biyu ya tsaya a tsakiyar ruwa, ya dube ni, ƙafafunsa suka naɗe. Na jawo shi kan dutse, harshensa ya yi shuɗi. Na yi ƙoƙarin ɗaukarsa, bayana ya ƙi. Duk littattafan da na karanta, babu wanda ya gaya mini abin da mutum ke yi da kare mai kilo talatin a tsakiyar kogi. Sai na zauna ina kiran sunansa.

Ashe Ntate na biye da mu daga nesa tun daga zango. Ya shigo ruwan da takalminsa, ya saɓa Bhova a wuya kamar tunkiya, ya ce, “Malam, kai riƙe mini hula, ita za ka iya.” Haka muka sauko, shi da karena a gaba, ni da hula a baya.

A cikin a-kori-kurarsa ya buɗe aljihun gaba, sai ga kwalbar da na bari a kan firiji, da rubutunki a jiki: ɗaya kullum da safe, cikin hanta. Ya ce ranar da na taso kika kira shi ya biyo ta gida ya karɓa, kika sa shi rantsuwa kada ya faɗa mini, don kin san zan yi wa ƙwayoyin lacca in zubar a kogi. Tsallen da na yi ta jingina wa iskar dutse ke nan.

A nan Bergville, likitar dabbobi ta tambaye ni kwana nawa bai sha ba. Na ce huɗu. Ta ce me ya sa? Ntate ya riga ni, ya ce, “Dokar zango ce ta hana.” Wannan rufin asirin ya fi mini zafi.

Gobe za a sallame shi. Ɗazu ya buɗe ido, ya lashi hannun Ntate, sannan nawa. Na lura da jerin.

Na yi kuskure, MaZwane, a kan ƙwayar da kuma a kanki. Ki adana wannan takarda, ba lallai in sake rubuta irinta ba.

Naki,
Mandla