Kada a Ɗauke Mana Malam Iro Saboda Kaskon Mazarƙwailata

Zuwa ga Maigirma Shugaban da ke kula da ɗakunan shan magani na ƙasarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarka da ta iyali, ranka ya daɗe, ni ne Audu, manomin rake a Dandamisa, mai dafa mazarƙwaila. A ajin yaƙi da jahilci na koyi rubutu. In ka ga layi ya karkace ka yi haƙuri, yau ga murna ga haushi. Tunda an ce mulki ya dawo hannun 'yan ƙasa, na ce bari in faɗi tawa a fili kowa ya ji.

Mun ji an aiko wa Malam Iro, disfensan da ke ba mu magani, takardar canjin wurin aiki, ranar Litinin zai kwashe kayansa. Laifinsa, wai mai duba aiki ya zo ranar kasuwar Makarfi ya tarar da ɗakin magani a kulle, ya bi sawu ya iske shi a gonata, gindin kasko, ya rubuta cewa ya bar aiki ya tafi shan ruwan rake. Gonar tawa ce, kaskon nawa ne, amma ba wanda ya tambaye ni.

Na ɗaya. Bara warhaka na kusa tafiya. Ga ƙishirwa, ga fitsari ba iyaka, wandona sai na ninka mazagi. Ka san al'adarmu, ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Wannan ya kawo zuma, wancan fura da mazarƙwaila, wai in sha in mai da jiki. Ni kuwa ina sha ina sa albarka, ina ƙara ramewa. Da aka kai ni wurin Malam Iro, sai ya ɗiga fitsarina cikin wani ruwa shuɗi a 'yar kwalba, ya ɗora a kan fitila. A gabana ruwan nan ya koma ja kamar jar ƙasa. Ya dube ni ya ce, "Malam Audu, ciwon sukari ne, kuma masu ƙaunarka ne ke neman kai ka kushewa."

Na biyu. Bai miƙo mini ƙwaya ya kira na gaba ba. Ya tura ni wurin likita a Zariya, da na dawo ya zaunar da ni ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya aika aka kira mai ɗakina, Asabe, ya nuna mata girman malmalar tuwon da za ta riƙa sa mini, ya ce ta cika sauran kwanon da wake da miyar ganye. Ya hana ni shiga gonar rake ba takalmi, ya ce in riƙa duba tafin ƙafata kullum da yamma, domin ƙaramin rauni kan ci ƙafar mai irin ciwona. Duk mako in kai fitsarina a kwalba a gwada. Ja ya koma ruwan ɗorawa, ruwan ɗorawa ya koma kore. Na koma gona da ƙafata!

Na uku, kuma a nan ne maganar take. Da aka fara saran rake, doki ya fara juya injin matsa, sai ruwan gwajin ya sake komawa ja. Malam Iro ya ce lalle ina shan zaƙi a ɓoye. Na yi ta rantsuwa har muryata ta dushe, kuma wallahi da gaskiyata nake rantsewa. Ya ce to, bari ya ga yadda nake wuni da idonsa. Ranar nan sai da ya sallami mara lafiya na ƙarshe sannan ya hau kekensa.

Mu masu wannan sana'a da harshe muke sanin kasko ya nuna. Ka tsoma muciya, ka hura, ka lasa. Haka na ga mahaifina yana yi, haka nake yi tun safe har la'asar, kasko bayan kasko. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ci ba, aiki ne. Malam Iro ya tsaya yana ƙirgawa, da na kai lasa ta tara ya riƙe mini hannu yana salati. Ya sa aka kawo ruwan sanyi a ƙwarya, muka yi ta ɗiga na cikin kaskon a ciki muna murzawa da yatsa, har muka gane in ɗigon ya dunƙule bai narke ba, to kasko ya nuna. Muciya na hannunsa mai duba aiki ya iso. Ko ɗigo ɗaya bai shiga bakinsa ba.

Yau da safe, ranka ya daɗe, na kai kwalbata. Aka ɗora a wuta, ya tafasa, muka zuba ido. Shuɗi! Shuɗi tas, alamar ba sukari, karo na farko tun da ciwon nan ya kama ni! Da girmana na yi tsalle har hulata ta faɗi, matan da ke kan layi suna ta dariya. Sai na juya na ga akwatunan Malam Iro a ɗaure bayan ƙofa.

Roƙona biyu ne. A soke takardar nan. In kuma dole sai an hukunta wani, ni na fito da shi daga ɗakin magani, a zo gare ni. Mutum uku daga Kudan sun ji labarina sun fara kawo nasu kwalaben, ban san wa za su kai wa ba bayan Litinin.

Na roƙi Malam Iro kada ya zubar da shuɗin ruwan nan. Yana nan a kan taga. A turo wanda ya rubuta rahoton ya zo ya ga abin da aka je yi gonata.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa ka gama da aikinka lafiya, ya raba ka da wannan ciwo.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Audu Mai Mazarƙwaila, Dandamisa.